Ranar da Agogo Ya Tsayar da Jirgin Mma

Sunan mijina Abdul-Hafiz, amma in ka shiga zangon Yendi kana tambayar wannan suna, sai a yi ta kallon-kallo. Ka ce Agogo kawai, za a kai ka har ƙofar gidanmu. Ni ce matarsa, Wasilatu, 'yar Bawku. Albasa nake sayarwa a kasuwar Yendi, kuma yau shekara ashirin da bakwai ke nan ina zaune da mutumin da ba ya haɗiye loma sai ya kalli tsintsiyar hannunsa.

Aikinsa awon yanayi. A bayan gari akwai wani fili da aka kewaye da waya, da ɗan ofis mai ɗaki biyu. A tsakiyar filin ga wani farin akwati mai ƙafa huɗu kamar akurkin kaji, nan ma'aunan zafi suke. Ga gwangwanin tarar ruwan sama, ga dogon ƙarfe mai kofuna uku da ke juyawa in iska ta busa. Ma'aunin nauyin iska kuwa yana cikin ofis, shi ne ɗan lelensa, ko ƙura ba ya bari ta hau kansa. Ƙarfe shida na safe, tara, sha biyu, uku, da shida na yamma, sai ya fita ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi gajimare, ya rubuta lambobi ya aika. A da ta rediyon oba-oba, yanzu ta waya. Na sha tambayarsa ina lambobin nan suke zuwa. Ya ce Tamale da Accra, can ake zuba su a taswira don masu jirgin sama. Na ce to, an taɓa bugo maka an ce an gani? Sai ya ci gaba da goge takalminsa.

A Salaga aka haife shi. Babansa fataucin goro ya yi har Allah ya karɓi abinsa, mahaifiyarsa kuma, Mma Na'imatu, koko take damawa da safe, da yamma ta koya wa 'yan mata karatu a zauren gidanta. Ita ta so ya gaji rumfar goro. Shi kuwa da ya gama sakandare sai ya ji ana ɗaukar masu awo, ya tafi ya yi kwas, ya dawo da jaka da littafi mai layi-layi. Tun ran nan Mma ba ta fasa faɗa ba, in an tambaye ta aikin babban ɗanta: "Gadin gwangwani yake yi wa gwamnati."

Ni a Bawku muka haɗu, lokacin da aka tura shi ya riƙe wa wani aiki na wata uku. Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu, muna tsakar hira, ni har na fara sunkuyar da kai ina wasa da bakin gyale, sai mutumin nan ya miƙe zumbur, ya ce saura minti ashirin ƙarfe uku ta cika, lokacin awo. Ya hau keke ya tafi! Na shiga gida ina huci. Babana ya yi dariya ya ce, "Mutumin da ba ya makara wa ƙarfe ba zai makara wa iyali ba." Allah ya jiƙanka Baba, rabin gaskiya ka faɗa. Ran sunan 'yarmu Shamima, liman na ɗaga hannu yana addu'a, uban jaririya yana kan keke ya nufi karatun ƙarfe tara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen kasuwa. Su tare shi su ce, "Agogo, yau za a yi ruwa? Muna son shanya rogon kokonte." Ya ce, "Ni ba na hasashe, awo nake yi. Abin da na gani shi nake faɗa." Su kwashe da dariya. Shekara talatin yana kallon sama, wai bai san ko za a yi ruwa ba! Ni ce dai ke rama masa da baki, don wallahi ba wanda zai zagi mijina a gabana, wannan aikina ne ni kaɗai.

Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai daɗin zama. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. In na kawo albasa daga Bawku, shi ke taya ni tsince ruɓaɓɓu, yana hawaye yana ba ni labarin sunayen gajimare. Laifinsa guda, agogo ya fi ni iko da shi.

To, bara 'ya'yan Mma suka haɗu suka biya mata kujerar Makka. Shekararta tamanin da ɗaya. Gida ya ɗauki murna, aka yi ta ɗinki, aka sayo jaka, aka daka yaji da kuka don ta ce ba ta yarda da miyar Larabawa ba. Mma kuwa tana da al'ada, kowa a dangi ya sani. Duk wanda zai rabu da ita na tafiya, sai ya durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kansa ta ce, "Na yafe maka, kai ma ka yafe mini." Wannan karon ita ce mai tafiya, kuma ta faɗa ƙarara ba tare da kwana-kwana ba: "Ban sani ba ko zan dawo. Kowa ya zo in dafa kansa."

Agogo ya shirya abinsa tsaf. An ce jirginsu Mma ran Asabar zai tashi daga Tamale. Su biyu ne a wurin awo, shi da abokin aikinsa Mahama. Suka yi musaya: Mahama ya je Kpandai gaisuwar rasuwa ya dawo Laraba da la'asar, shi kuma Agogo ya ɗauki Alhamis zuwa Lahadi, ya je Salaga ya kwana biyu da mahaifiyarsa, ya raka ta. Ran Talata da yamma sai ga waya daga ƙaninsa Sumaila. Sunan Mma ya fito a jirgin farko. Gobe Laraba, ƙarfe huɗu na yamma, kuma ƙarfe biyu za a shigar da alhazai ciki, daga nan sai dai a ɗaga hannu daga nesa.

Na ga fuskar mijina ta canza. Ya buga wa Mahama, Mahama ya ce sai an yi addu'ar uku da hantsi, ko ya yi fiffike ba zai iso ba sai wajen ƙarfe uku.

Ya kira Sumaila, ya ce a ba shi Mma a waya. Ina jin muryarta daga inda nake zaune.

"Mma, ki yafe mini ta nan, aiki ne ya riƙe ni."

"Ba na yafiya a waya," in ji ta. "Hannuna ba ya shiga cikin waya. Mai so ya kawo kansa."

Ta kashe.

Da safe, bayan ya yi karatun ƙarfe shida, na bi shi har ofis da shirina na tafiya. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Na ce, "Baban Shamima, dubi sararin nan don Allah. Yau da jiya duk ɗaya. Ka rubuta na tara da na sha biyu da na uku tun yanzu, in lokaci ya yi ka aika ta waya daga Tamale. Wa zai sani? Shekara talatin ba wanda ya ce maka sannu!"

Ya daɗe yana kallon littafin. Sannan ya ce, "Wasila, lambar da ban gani da idona ba, ba zan sa hannuna a ƙarƙashinta ba."

"Uwarka ce fa!"

"Na sani," ya ce. "Ita ma a jirgin take."

Ni a lokacin ban ji wannan magana ba, haushi ya toshe mini kunne. Na ce masa ya zauna ya rungumi gwangwaninsa, in Mma ba ta dawo ba sai ya durƙusa gwangwanin ya dafa masa kai. Na faɗa, kuma na yi nadama tun kafin in kai tasha, amma ban koma ba. Na hau mota ina kuka, wata mata ta ɗauka rasuwa aka yi mini har tana ba ni haƙuri.

A Tamale na tarar da rumfunan alhazai cike maƙil. Mutanen Salaga sun zo mota biyu. Ga Mma a kan tabarma cikin farin mayafi, ƙanana da manya suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya. Da na durƙusa ta dafa ni, sai ta leƙa bayana. Sumaila ne ya yi ta faɗa, wai babban wa guda, wai abin kunya a gaban mutane. Mma ta ce masa, "Rufe mini baki." Amma na lura ta juya tabarmarta ta fuskanci ƙofar shigowa, kuma duk babur ɗin da ya tsaya sai ta ɗaga kai.

Ƙarfe biyu ta yi. Aka fara cewa a tashi a yi layi. Mma ta miƙe da ƙyar, ta riƙe jakarta, idonta ya cika. Muna cikin haka sai lasifika ta yi gyaran murya: a koma a zauna, an ɗaga tashin jirgi saboda yanayi, za a sanar.

Wane yanayi? Rana tana dukan mutane kamar ta fasa kai! Wuri ya kaure da surutu. Wani tsoho ya ce jirgin ne ya lalace ake ɓoyewa.

Ina da 'yar yayata, Latifatu, ita ma 'yar Bawku, tana aiki a ofishin yanayi na filin jirgin. Da safe ta zo ta gaishe mu ta koma. Wajen uku saura sai ga ta ta fito da sauri, da takarda a hannu, tana waige-waige.

"Inna, ina Mma? Zo ku ga wani abu."

Ta durƙusa ta shimfiɗa takardar a kan tabarma. Taswira ce, amma ba irin ta makaranta ba. Ƙananan da'irori ne birjik, kowace da lambobi kewaye da ita da 'yar kibiya mai gashi a gindi, ga kuma wasu layuka sun bi tsakaninsu suna lanƙwasa.

"Kowace da'ira gari ne inda mutum ke tsaye yana awo," in ji Latifatu. "Ga Navrongo, ga Kete Krachi, ga mu nan Tamale. Kibiyar tana nuna inda iska ta fito da ƙarfinta. In da'ira ta yi baƙi, gajimare ya rufe garin. Layukan nan kuma mu ke ja, muna haɗa garuruwan da nauyin iskarsu ya zo ɗaya. Kafin jirgi ya tashi, matuƙi da mai tsara masa tafiya sai sun zauna a kan wannan. Da ita suke sanin yaushe za su tashi, ta ina za su bi, man da za su ɗauka, da inda za su sauka in hanya ta ɓaci."

Mma ta ce, "To, me ya hana mu tafiya?"

Latifatu ta ɗora yatsa a kan wata da'ira ta gabas da Tamale. Baƙa ƙirin, kibiyarta ta sha gashi, ga wata alama kamar walƙiya a gefenta.

"Wannan Yendi ce. Ƙarfe sha biyu fara ce tas. Biyu saura kwata sai ga saƙo ba a kan lokaci ba: hadari ya taso daga gabas kamar bango, iska ta juya, tana gudun kilomita tamanin a awa, nauyin iska ya yi tsalle. Bayan minti goma ya sake aikowa, ya kuma sakewa. Mun ga gajimaren a hoton tauraron ɗan'adam, amma hoto daga sama yake kallo, ba ya gaya maka abin da iska ke yi a ƙasa. Sai mutum. Abin da ya bugi Yendi, in ya kama hanya, awa biyu ya iso nan. Ƙarfe huɗu ke nan, daidai lokacin da jirginku zai ɗaga, kuma gabas zai nufa, cikin bakinsa. Matuƙin ya dubi takardar nan ya ce ba inda za shi."

Mma ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar. "Wa ya aiko?"

Latifatu ta yi dariya. "Haba Mma. Wa ke Yendi?"

Tsohuwar nan ta ɗora yatsarta a kan baƙar da'irar ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ni kuwa sai maganar safe ta dawo mini, ita ma a jirgin take, na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Da ya bi shawarata, da yanzu Yendi tana nan fara tas a kan takarda, da hannun mijina a ƙarƙashi.

Na ja waya na buga masa. Ba ta shiga. Na buga wa Mahama, ita ma shiru.

Huɗu saura minti biyar gabas ta yi baƙi. Kafin ka ce kwabo iska ta iso, ta ɗaga rumfa guda ta kifar, kujerun roba suka yi ta tsere a fili, hular tsohon nan mai cewa jirgi ya lalace ta tashi sama ba a sake ganinta ba. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka cure a baranda, alhazai na ta salati. Mma kuwa, wallahi dariya take yi. Ta kama hannun wata mata Bagonjiya da ba ta taɓa gani ba, tana nuna mata sama tana cewa, "Ɗana ne ya gan shi tun yana Yendi! Babban ɗana!" Sumaila ya sunkuyar da kai yana ta gyaran igiyar jaka da ba ta kwance ba.

Bayan biyar ruwa ya tsagaita. Aka ce shida saura kwata za a shiga, jirgi zai tashi bayan magariba. Murna ta koma ciki, don har yanzu wayarsa ba ta shiga. Ko yana hanya, ko yana can yana juye ruwan gwangwani, ban sani ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙen titi har wuyana ya ƙage.

Aka yi layi. Mma ta ƙi gaba, ta koma can ƙarshe, duk wanda ya zo ta ce ya wuce. Layi na raguwa. Saura mutum goma, saura shida. Ma'aikacin ƙofa ya ce, "Hajiya, bismilla."

Sai ga wani babur ya shigo yana tari, mutumin da ke kai jage-jage da laka har gira, takalmi ƙafa ɗaya. Ban gane shi ba sai da ya sauka ya ɗaga hannu ya kalli agogo.

Na ƙwala ihu, "Ga shi nan! Mma, ga shi nan!" Na rangaɗa guɗa a filin jirgin sama, ban damu da kowa ba.

Ashe Mahama ya iso uku saura, jiƙe sharkaf. Mijina, don ku san hali zanen dutse ne, sai da ya tsaya ya yi karatun ƙarfe uku ya aika, sannan ya karɓi babur ɗin Mahama ya biyo bayan hadarin. Itace ya faɗi a hanya, ya ja babur ta cikin gona, a nan laka ta cinye takalmin.

Ya zo ya zube a gaban Mma a kan siminti mai ruwa. Ya sunkuyar da kai. Mma ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne ka tsare mutum ɗari huɗu a rana?"

"Mma, ban san za su ji ba. Abin da na gani na aika."

"To sun ji," ta ce. Ta ɗora tafinta a kan jiƙaƙƙen kansa, laka da komai. "Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini, na daɗe ina rena gwangwaninka."

Ma'aikacin ƙofa ya juya baya yana share ido da hularsa. Ni kam na riga na jiƙa gyale.

Latifatu ta miƙa masa taswirar. Ya goge hannu a riga, ya riƙe ta da yatsu biyu, ya nemo Yendi. Ya karanta lambobin a hankali, leɓensa na motsi. "Nawa ne," ya ce da ni. "Wasila, ga su nan, ba su canza ko ɗaya ba." Shekara talatin yana aikawa, ran nan ya fara ganin inda suke sauka. Bai gama kallo ba Mma ta fizge takardar, ta ninke ta huɗu ta cusa a jakar da Alƙur'aninta yake. Ta ce za ta nuna a Madina.

A hanyar komawa na hau bayansa a babur. Na ce, "Baban Shamima, maganar da na faɗa da safe..." Ya ce, "Wace? Ta gwangwani ya dafa mini kai?" Ya yi ta dariya har babur na kaɗawa, na ɗaka masa duka a baya na ce ya kalli hanya.

Mma ta dawo bayan kwana arba'in, ta yi ƙiba ma, yajinta ya ƙare tun a Mina. Muka tafi Salaga taryarta, gida ya cika har waje. Aka buɗe jakar tsaraba, wannan dabino, wannan casbi, wannan kwalbar zamzam, ni na sami baƙar abaya mai duwatsu. Aka gama rabo kaf ba a kira Agogo ba, yana gefe yana murmushi kamar ba komai. Sai Mma ta sa hannu a lalitarta ta zaro wani ɗan akwati, ta ce ya matso.

Agogon hannu ne, sabo fil, mai manyan lambobi. Ita da kanta ta kwance tsohon, ta ɗaura masa sabon.

"Wancan ya tsufa," ta ce. "Akwai mutane a sama suna jiran ka. Kar ka makara."